Ranar Da Anka Zagi Bilyamin

Ni na sa sharaɗin, don haka ni maganar ta hau ma kai. Lokacin da jikata Najwa ta bi ubanta Sakkwato neman dangi, ta dawo da labarin wani saurayi wai shi Bilyamin, sai na ce ban hana ba, amma yarinyar da na goya tun rasuwar uwarta ba ta ƙetare ƙasa ina numfashi. In shina so, shi zo nan Hillat Yakubu, bakin kogi, shi zauna da mu. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Sai ga mutum ya sauka daga motar Sinnar da akwatunai, guda na tufafi, guda na ƙarafa da wayoyi, ya fi na tufafin nauyi.

Injiniya ne, na injin ban ruwa da wutar sola. Bayan biki ya zo ya durƙusa bakin gadona, ya kira ni Haboba, wato kaka a Larabcin nan, kamar yadda Najwa ta koya mashi.

"Haboba, na cika naki. Ki bar ni in faɗi nawa."

"Faɗi, angona."

"In kogi ya cika ya janye, anka dasa albasa, ban samu aikin da zan ciyar da ita ba, zan koma da ita gida. Ban iya zama a gidan surukai ana ciyar da ni."

Na dube shi. Yaro mai takarda, mai hannu, a ƙasar da kowane inji ke tari kamar tsoho. Na ce na yarda. Har dariya na yi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kullum da safe shi goge riga, shi ɗauki takardunai cikin leda, shi tari mota. Ya je Sinnar, ya je Managil, har Rusairis ya kai. Kamfani ya ce takardarka da Turanci take, a mai da ita Larabci. An mai da ita, sunka ce sai da hatimi. Masu hatimi sunka ce sai da iƙama, takardar zama. Masu iƙama sunka ce kawo shedar wanda ya ɗauke ka aiki. Ya koma kamfani, sunka ce ina hatimi. Wani mai kirki ma ya ce shina neman mai gadin ƙofa, in injiniya bai damu ba.

Ga kuma Larabcinai na littafi ne. Najwa ta ce ya tsai da mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, a kasuwar Sinnar ya tambaye shi hanyar ofis, mutumin ya saurare shi har ƙarshe da natsuwa, sannan ya shafa fuska ya ce amin.

Ban damu da ofis ba. Ofis bai taɓa ciyar da kowa a gidanmu ba. Hankalina na kan garin nan, inda aiki ke zube ko'ina, kuma a nan ne abin ya ɓaci ta inda ban zata ba.

Mu nan, kakanninmu daga yamma sunka taho da ƙafa, sunka zauna bakin koginga, sunka mutu suna zancen Sakkwato. Yanzu ga ɗan Sakkwato da ranshi ya shigo gari. Tsofaffi sunka rikice. In ya shiga masallaci a tura shi sahun gaba. In ya ɗauki bokiti, wani shi fizge. Usmanu mai shago, wanda bai taɓa ƙara ma kowa ko tsinken ashana ba, ya riƙa ɗibo mashi dabino. Wani tsoho ya tare shi a hanya ya tambaye shi ko tsamiyar da ke ƙofar gidan kakan kakanai tana nan. Bilyamin ya ce zai bincika. Tsohon ya yi hawaye. Ba mai kiran sunanai, sai Baƙonmu.

Shi kuwa bai iya ganin abu ya lalace shi wuce. Ya gyara solar masallaci. Ya gyara injin niƙa. Ya tada injin ruwan Muntari da ya kwana biyu yana shan rana. Kowa ya gyara ma abu, sai da la'asar ka ga an aiko da tattabaru cikin kwando, da addu'a. Tun ana yankawa har munka gaji, Najwa ta sa anka gina masu ɗaki bayan gida. Da asuba ba ka jin kiran salla sai kukansu.

Wata rana na iske shi zaune gaban ɗakin nan, da rigar guga, shina watsa masu dawa.

"Angona, yau ba Sinnar?"

"Sun ce bayan Salla."

"Wace Salla?"

"Ba su faɗi ba." Ya watsa wata dawar. "Haboba, can gida ina da ma'aikata ƙarƙashina. Jiya inna ta kira ta ce yaya aiki, na ce mata ina harkar kiwo."

Ya yi dariya, ni ma na taya shi, amma na ga akwatin ƙarafan nan an share mashi ƙura an ɗaure shi da igiya. A lokacin kogi ya cika ya fara ja da baya. Najwa kuma ta fara ƙin warin kifi, na san me wannan ke nufi tun kafin ita ta sani.

Sai labari ya zo mani cewa masu lambun bakin kogi sun gaji da layin man inji, sun haɗa kai za su sa sola ga babban injin da ke ba su ruwa duka. Kuma wai wani bakanike za su ɗauko daga Sinnar. Shugabansu Mati ne, ƙanen mijina marigayi, wanda na tarar yana yawo ba wando ranar da anka kawo ni gidansu. Na yafa mayafi na tafi.

Na same shi lambunai ƙarƙashin mangwaro shina shan jabana, gahawarmu ta nan, ya tuɓe takalmanai ya jera su gefe kan tabarma. Markub ne na fatar maciji, ya sawo su Omdurman, ya fi son su da 'ya'yanai.

"Matar yaya, lafiya da rana tsaka?"

"Lafiya ce ta kawo ni duba ko hankalinka na nan. Ga injiniya a gidana shina kiwon tattabaru, kai kuma za ka Sinnar neman na haya."

"Baƙonmu?" Ya aje finjali. "Allah shi kiyaye. Mu sa shi aikin lada?"

"Da can aikin me kuke sa shi?"

"Wancan alheri ne shike yi muna, mu ma kunya ta ishe mu, shi ya sa munka daina kiranai. Ke ki duba. Mutum ya taho daga ƙasar kakanni, in zauna in yi ciniki da shi kamar mai tumatir? In ce mashi rage? In ƙirga kuɗi in sa mashi a hannu?"

"Hannunai ba ya ƙonewa."

"To in ya ɓata aikin fa? Na Sinnar, in waya ta tsinke, in kama wuyan rigatai in zage shi har gidansu. Wanga wa ka iya zaginai? Aikin da ba ka iya zagin mai shi, ba ka ba da shi."

Na so in yi faɗa, sai na ga gaskiyatai. Ni ma ban ba da ɗinkin zane ga wadda ban iya ce ma ta ɓata. Na sha jabanar da ya zuba mani, na riƙe a raina cewa finjali guda ne, kuma ba sukari, na taso.

A hanya na yi ta juya abin. A garin nan baƙo ba shi da kwanakin ƙarewa. Abu guda ne ke raba baƙo da ɗan gari, shi ne nafir, wanda Bilyamin ya ce can gida gayya ake ce mashi. Ka kira mutane su yi maka aikin yini, ka ciyar da su, daga ranar kowane na binka yini. Ranar da ya kira nashi, dole ka je. Kuma dole shi kira ka, don wanda ya yi maka nafir ya ƙi kiranka ga nashi, ya ce ke nan sadaka ya ba ka, kai ba ka kai mutum ba. An yi gaba ta shekaru a kan wannan. Baƙo ba ya kiran nafir, ba a kiranai. Ba ya bin kowa, ba a binai, shi ya sa shike nan kamar hoto a bango.

Ni kuwa ba gidan da ban bi yini ba. Mijina ya yi ma garin nan aiki har bayanai ya lanƙwashe, 'ya'yana sun yi, kuma ban manta ko guda. Ina da ɗan lambu can ƙasa, jadwal ɗinai, wato magudanar da ke kai mashi ruwa, ya cushe da laka tun cikar kogi. Na aika gida gida cewa ranar Asabar akwai nafir a lambun ƙasa. Ban ce na wane ne ba. Ba wanda ya tambaya, kowa ya san abin da ke kanai.

Na ce ma Najwa ta kama tattabarun nan duka.

"Duka, Haboba?"

"Bar biyu don iri. Su sunka kawo su, su za su cinye su."

Da Asabar ta zo, Bilyamin kuma na aike shi Sinnar tun da safe sawo mani maganin ƙafa, wanda na san ba a samu sai an zaga gari.

Sunka zo da fartanya da shebur, Mati na gaba shina ba da umurni, takalmanai a hannu. Kafin azahar jadwal ya fito tas, ruwa na gudu. Anka shimfiɗa tabarmi, anka kawo kisra mai kama da sinasir, da tuwon asida, da tattabaru tuli. Na bari sai da kowa ya kai loma, ya tsotse ƙashi, sannan na sa anka aje mani kujera inda za su ji ni.

"Allah shi yi albarka. Mai lambu ya ce in yi maku godiya, ya tafi Sinnar."

Mati ya tsaya da ƙashi a baki. "Wane mai lambu?"

"Bilyamin. Na ba shi lambunga tun ranar Laraba, gaban liman. Nafir ɗinai ne kunka yi, abincinai ne kunka ci. Kowa ya riƙe, yana bin shi yini."

Liman na nan cikinsu, ya sunkuyar da kai shina suɗe hannu.

"Sakinatu, wagga zamba ce," in ji Mati, ya kira sunana kai tsaye.

"Ka mai da tattabarar in zamba ce."

"Mu mun yafe. Ba mu bin Baƙonmu komai."

"To madalla. In ya dawo sai in gaya mashi Mati ya ce sadaka anka yi mashi. Ɗan Sakkwato guda, ya zo garinku kun mai da shi abin sadaka. Zai kira innatai, ita kuma ta gaya ma unguwa."

Muntari ne ya fara dariya, ya miƙa hannu ya ɗauki wata tattabarar, ya ce tunda bashi ne bari shi ci da kyau.

Da Bilyamin ya dawo, ba maganin, na zaunar da shi na gaya mashi ya yi lambu, kuma rabin gari na binai aiki. Na gaya mashi abin da Mati ya ce ƙarƙashin mangwaro, ban rage ba. Ya daɗe shina kallon ɗakin tattabarun da biyu kaɗai sunka rage.

"Wato sai an zage ni za a ba ni aiki."

"Ni ban ce ba. Ni dai na ce ana binka."

Mati ne ya fara kiran nashi nafir ɗin, don lambunai ya fi na kowa girma. Ya aiko ɗanai babba har gida, ya tsaya a ƙofa shina sosa ƙeya, ya ce baba ya ce in Baƙonmu na da sarari, in ba takura, in ba zafin rana. Bilyamin ya ce shina tafe. Ya cire rigar guga, ya sa tsohon wandon surukinai.

Ban iya zama gida ba. Na bi mata masu kai abinci, na samu inuwa nesa kaɗan inda nake ganin komai.

Da farko abin ban haushi ne. Sun ba shi fartanya mafi sauƙi, sun sa shi inda ba laka. Ya sara sau biyu, wani ya ce huta. Usmanu na biye da shi da butar ruwa. Na ce a raina tattabaruna sun tafi a banza.

Can sai na ga ya bar inda anka sa shi, ya bi gefen jadwal a hankali shina duban ƙasa, kamar mai neman allura. Mati ya riga ya sa an tada inji don a gwada ruwa, jadwal ya cika har baki. Bilyamin ya tsaya kan tudu daidai mangwaron nan, inda Mati ya bar tabarma da takalmanai, ya ɗaga fartanya, ya sari gefen jadwal iya ƙarfinai.

Ruwa ya ɓalle. Bai bi ta kan shuka ba, ya gangara kai tsaye gindin mangwaro, ya kwashe tabarma, ya kifar da jabana, ya ɗauki markub ɗin Mati duka biyu. Ina kallo suna tafiya a jere kamar agwagi, sunka bi gangare sunka faɗa kogi.

Mati ya biyo su da gudu, ya zame, ya zauna cikin laka. Ya tashi ya juyo, ya ga wanda ke riƙe da fartanya, amma bakinai ya riga hankalinai.

"Kai wane irin sakarai ne! Jakin ina ne wanga? Wa ya ce ka taɓa nan? Injiniyan banza, ko akuya ta san ba a sara nan. Da kai da wanda ya ba ka takardar, da motar da ta kawo ka."

Ya yi ta yi. Ya haɗa da Larabci inda Hausa ta gaza. Mutane sunka tsaya cak da fartanyu, liman na ta gyaran murya. Sai da numfashinai ya ƙare sannan ya ga yadda ake kallonai, ya kama baki.

Bilyamin, laka har gwiwa, ya ce, "Baba Mati, ka gama ko da saura?"

Muntari ya faɗi ƙasa don dariya. Daga nan kowa ya ɗauka. Wani ya jefo ma Bilyamin shebur ya ce tunda kai ka fasa sai ka toshe, Fasa-Jadwal. Usmanu ya shanye ruwan butar da kanai. Har la'asar suna aika shi, ɗauko wancan, kawo wanga, kauce ka ba mutane wuri. Da anka zo cin abinci ba wanda ya matsa mashi, sai da ya kutsa da kafaɗa.

Da ya dawo gida, hannunai duk kanta, Najwa na zuba mashi ruwa tana faɗa, na ce, "Angona, mutumin da ya yi karatun ruwa, bai san inda ruwa ke bi ba?"

"Kuskure ne, Haboba."

"Ko ganyen albasa guda bai jiƙe ba."

"Allah ne ya tsare."

"Takalman fa?"

"Su ban gan su ba," ya ce, kuma wannan na yarda, don ya runtse ido da ya faɗa. "Jabanar kaɗai na nufa."

Bayan kwana kaɗan Mati ya zo, da silifas na roba, da mutum biyu na masu lambu. Bai yi sallamar baƙo ba. Daga ƙofa ya ce ina Fasa-Jadwal, shi fito a yi magana. Sunka zauna tsakar gida. Bilyamin ya faɗi abin da zai karɓa kan aikin solar, Mati ya dafe ƙirji ya ce ko na Sinnar bai yi wannan rashin kunya ba. Bilyamin ya ce na Sinnar in ya tafi sai an bi shi da mota, shi kuwa ga shi nan kusa, ana iya zaginai kowace safiya ba kuɗin mota. Mati ya tashi zai tafi, anka riƙe shi. Bilyamin ya tashi, anka riƙe shi. Ina daga ɗaki ina jin su, kamar ana sayar da saniya. Daga ƙarshe sunka tafa, da sharaɗin za a cire kuɗin markub, kuma Mati ya rantse fatar macijin ba irin ta ko'ina ba ce.

Najwa ta shiga ta kwance igiyar akwatin ƙarafa, ta kawo mani ita ta ce in yi shanya.

Da za su fita, Mati ya leƙo ɗakina.

"Matar yaya, kin yi abinki. To aƙalla mun fita. Yinin da kike bina tun na marigayi, na biya shi ranar Asabar."

"Wace Asabar?"

"Ta lambun ƙasa."

"Wannan ai na Bilyamin ne, gaban liman na faɗa, kuma ya biya ka har da ruwa. Nawa na nan." Na gyara filo. "Katangar bayan gida ta tsage, kuma muna da suna kafin damina. Ka zo da shebur. Ka bar takalma gida."